Gidan Dodanni Da Harafin Da Na Ƙara Da Biro

Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi kasuwa ce ta riƙe ni. Duk wanda ya san kasuwar Shasha a nan Ibadan ya san idan motocin tumatir da albasa suka fara sauka daga Arewa, ɗan mai rumfa ba ya samun lokacin ko yanke farce. To yau dai na ce bari in sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi, wato labarin wasu dodanni 'yan ƙasar Ingila da muka taso tare da su. Kada mai karatu ya fara dariya tukuna, ya bari sai ya ji.

A shekarar 2010 ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare, duk ranar Asabar akan tura ni Sabo wurin kawuna mai tsire in taya shi yanka albasa da kabeji. Kawu kan sayi tsofaffin takardu ɗauri-ɗauri wurin masu bin gidaje suna sayen tarkace, da su yake naɗe wa mutane nama. Yawanci jaridu ne, wani lokaci har da takardun jarrabawar ɗaliban jami'a. Ran nan ina kwance wani ɗauri sai na ci karo da wasu mujallun katun guda bakwai, duk sun yi ruwan ƙasa, suna warin ruma, an yage bangon yawancinsu. Kawu ya murza shafi ɗaya da yatsa ya ga baƙin tawada ya fita a hannunsa, ya ce wannan ai sai ta ɓata masa nama, in kwashe in kai bola. Ban kai bola ba, a rigata na cusa su na tafi da su gida.

Yawancin labaran da ke ciki na ban tsoro ne na gaske, irin wanda idan ka karanta da dare ba ka iya fita fitsari. Akwai na Dirakula mai shan jini, akwai na wata kwamfuta mai suna Max da ke kula da wani dogon bene, wadda kan jefa masu cutar 'yan hayarta cikin wani hawa na 13 da babu shi a ginin. Amma a tsakiyar waɗannan akwai wani labari guda da ya fita daban, zanensa na barkwanci ne, mutanen ciki masu manyan hanci da ƙananan ƙafafu. Gidaje biyu ne a jere. A ɗaya akwai wani Bature da matarsa, su Jones, mutane kamar kowa. A ɗayan kuma wasu sababbin maƙwabta ne suka tare, iyalin Really-Ghastly, uba da uwa da 'ya'ya, dukkansu dodanni. Kusan kullum tafiyar labarin ɗaya ce: su Jones ba sa iya zama da gindinsu, sai sun leƙa ta taga ko ta kan shinge, sai su hango wani abu, sai ihu, sai gudu, gashin kai a tsaye. Su kuwa dodannin harkar gabansu kawai suke yi, irin tasu girkin, irin nasu renon, irin tasu dabbar gida, har mamaki suke yi me ke damun waɗannan bayin Allah na maƙwabta.

Umma da ta gani ta ce ba za a ajiye mata hotunan aljanu a ɗakin da take salla ba. Shi ya sa na zuba su a wani tsohon gwangwanin biskit na kai rumfar Baba na tura ƙarƙashin tebur, can nake karanta su idan ciniki ya lafa.

Sunan labarin shi ne Fiends and Neighbours. Ni a ɗan Turancina na lokacin na san friends, wato abokai, na san neighbours, wato maƙwabta. Sai na yanke hukuncin cewa masu bugawa ne suka yi kuskure suka yar da harafin r. Na ɗauki biro shuɗi na bi mujallun nan bakwai ɗaya bayan ɗaya ina cusa r tsakanin F da i, ina jin kaina wani babban malami. Har makaranta na kai wa malaminmu na Turanci don ya yaba mini. Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kai Mola, kai ne za ka gyara wa Bature Turancinsa? Ya buɗe ƙamus ya nuna mini cewa kalmar tana nan da kanta, ma'anarta shaiɗani ko mugun iska. Ashe wasan ke nan gaba ɗaya: ka cire harafi ɗaya tak daga aboki, sai ya koma shaiɗani.

Na yi shiru a lokacin, amma abin ya zauna mini. Domin a garin nan sunana na biyu ke nan, Aboki. Haka ake kiran Baba da furfurarsa, haka ake kiran Kawu, haka ake kiran duk wanda ya sa hula da doguwar riga. Kalma ce mai kyau a bakinmu, amma wanda ya taso a Kurmi ya san akwai yadda ake furta ta ka ji kamar an zare mata wani harafi.

Sai wajen 2019 da na samu waya mai shiga intanet na fara bin diddigin takardun nan, kuma abin da na gano ya fi labarin kansa ba ni sha'awa, wataƙila don ni ɗan kasuwa ne.

Da farko dai ba Ingila ce ta ƙirƙiro dabarar iyalin dodanni ba. Wani mai zane ɗan Amurka, Charles Addams, ya fara zana irin waɗannan mutane a mujallar The New Yorker tun 1938, sannan a 1964 gidajen talbijin na Amurka suka fito da shiri biyu a lokaci guda, The Addams Family da The Munsters. Turawan Ingila sun ga abin yana ci, su ma suka shiga. Kamfanin IPC na birnin Landan, wanda a lokacin shi da D. C. Thomson na garin Dundee a Sikotilan ke riƙe da kasuwar mujallun yara, ya mayar da dodo kamar gishirin miya a shekarun 1970. Ya fito da Shiver and Shake a 1973, ya fito da Monster Fun a 1975, duk cike da fatalwa da ƙwarangwal masu ba da dariya.

Su dodannina ba a ɗaya daga cikin waɗannan aka haife su ba. Gidansu na farko wata mujalla ce ta mako-mako mai suna Cor!!, da alamar motsin rai har biyu a jikin sunan. Kalmar irin abin da Baturen Landan kan faɗa ne idan ya ga abin mamaki, kamar mu ce "kai!" ko "tabɗi!" An fara buga ta a watan Yunin 1970, kuma wani goggon biri mai suna Gus ne tambarinta. Fiends and Neighbours ya shigo ne wajen ƙarshen 1973, wani mai zane Graham Allen ne ya zana shi. To amma sun tare a gidan da ya riga ya fara tsagewa. A watan Yunin 1974, ba su ko cika shekara ba, aka rufe Cor!! bayan ta fito sau ɗari biyu da 'yan kai.

A nan ne na ga wata dabarar kasuwanci da ko Baba sai da ya jinjina mata. Kamfanin ba ya barin mujalla ta mutu haka kawai masu sayenta su watse. Sabuwar mujalla kan fito da ɗan abin wasa kyauta a manne a bango, yara su yi rububi. Bayan shekara ɗaya ko biyu ko huɗu ciniki ya ja baya. Da zarar ta daina biyan kuɗin takarda da tawada, sai a sanar wa yara cewa ga wani babban albishir, mako mai zuwa mujallarku za ta haɗu da wata. Sai a zaɓi labarai kaɗan da aka fi so a kwashe su zuwa mujallar da ta fi ƙarfi, a rubuta sunayen biyu a bango. Bayan 'yan watanni sunan baƙuwar ya fara ƙanƙancewa, wata rana a wayi gari babu shi. Kamar dai mai babbar rumfa ya saye ƙaramar da ke gefensa ne, ba don kwandunan da ke ciki ba, don masu zuwa saye.

Wadda ta haɗiye Cor!! ita ce Buster, kuma ita wannan kura ce wajen haɗiya. Daga 1960 da aka fara ta zuwa farkon shekarar 2000 da ita ma ta kwanta dama, ta cinye mujallu goma sha biyu, ciki har da Monster Fun a 1976, da Jackpot a 1982, da Whizzer and Chips a 1990. Wasu 'yan Cor!! sun ji daɗin sabon gidan, kamar Ivor Lott da Tony Broke, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, waɗanda suka shekara da shekaru a Buster. Wani dodon ma, Frankie Stein, ya fi kowa sanin zaman haya: Ken Reid ya fara zana shi a Wham! a 1964, ya sake ɓullowa a Shiver and Shake a 1973 a hannun Robert Nixon, da aka rushe wannan a 1974 ya ɗauki kayansa ya koma Whoopee! Ni da na ga mun tashi daga gida uku kafin in kai shekara goma, ba sai an yi mini dogon bayani ba.

To ina mujalluna bakwai suka fito? Ba Cor!! ba ce. Labarin kwamfutar nan Max shi ya tona asiri. Takarduna na wata mujalla ce mai suna Scream!, wadda IPC ya fara bugawa ranar 24 ga Maris 1984, shekara goma bayan mutuwar Cor!! Ita wannan ba ta barkwanci ba ce, an yi ta ne don ta tsorata yara da gaske. Manyan marubuta sun sa hannu a ciki: John Wagner da Alan Grant su suka rubuta labarin hawa na 13, José Ortiz ɗan ƙasar Sifen ya zana, Alan Moore kuma ya rubuta kashin farko na wani labari mai suna Monster. A cikin wannan duhu sai aka buɗe ma'ajiya aka ɗauko tsofaffin shafukan Graham Allen aka sake buga su yadda suke, don mai karatu ya ɗan samu wurin sauke numfashi, kuma don tsohon kaya ya fi sabo araha.

Wannan shi ne wurin da na fi daɗewa ina tunani a kansa. Ba a canja ko layi ɗaya a zanen ba, unguwa kawai aka canja musu. A Cor!!, inda maƙwabtansu na shafi yara ne 'yan makaranta da goggon biri mai fara'a, iyalin Really-Ghastly su ne abin tsoron gidan. A Scream! kuwa, inda shafin baya Dirakula ne yana tsotse wuyan mutane, sai suka zama su ne mutanen kirki, su ne inda yaro ke gudu ya fake. Ni a haka na fara saninsu, shi ya sa ban taɓa jin tsoronsu ba ko sau ɗaya. Da a Cor!! na fara haɗuwa da su, wa ya sani, wataƙila da bayan su Jones na bi.

Scream! ma ba ta yi tsawon rai ba. Sau 15 kacal ta fito, na ƙarshe a ƙarshen Yunin 1984. Yajin aiki ya tsayar da mujallun kamfanin na wasu makonni, da aka dawo yawancinsu suka ci gaba, ita ba ta dawo ba. Daga baya a shekarar aka liƙa sunanta a jikin Eagle, aka kwashi labarin Max da na Monster aka tafi da su. Dodannina ba a ba su ɗaki a can ba. Ke nan cikin goma sha biyar ɗin nan bakwai ne suka ƙetaro teku, Allah kaɗai ya san a akwatin wa, suka kwana shekara 26 a wani gida a Ibadan kafin su faɗo teburin mai tsire.

Kamfanin D. C. Thomson ma ya yi nasa iyalin dodannin, Number 13, wanda John Geering ya fara zanawa a The Beano a 1987. Na samu wasu a wani tsohon kundin shekara na Beano wurin masu baza littattafai a ƙasa a Dugbe. Zanen ya yi kyau, Geering gwani ne, shi ne mai Bananaman, ya rasu a 1999. Amma bai kama ni kamar na farkon ba. A can kana cikin gidan dodannin ne kana dariya da su. Ni abin da ya riƙe ni shi ne shingen nan, da idon da ke leƙe ta kansa.

Domin mu ma muna da namu shingen, sai dai labule ne. Gidan hayar da muka fi daɗewa a ciki irin mai dogon lungu ne, ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, mu kaɗai ne Hausawa. Ɗakin da ke kallon namu na wata dattijuwa ce Bayarabiya, kowa Mama yake ce mata, 'yar cocin nan masu fararen kaya. Ba a sauke tukunya a ɗakinmu ba tare da gefen labulenta ya motsa ba. Wata rana direbobi uku da yaran mota suka iso daga Kano cikin dare, Baba ya shimfiɗa musu tabarma a lungu, suka lulluɓe tun daga kai har ƙafa da fararen mayafai saboda sauro. Da asuba Mama ta fito da bokitinta ta ga gawa shida a jere a ƙofar Aboki. Ihun da ta yi sai da ya tashi gidan gaba ɗaya, da gawarwakin suka miƙe zaune kuwa sai ta saki bokitin ta yi waje ba ɗankwali. Ina tsaye ina kallo na ce wallahi wannan shafin na taɓa karanta shi.

Amma in faɗi gaskiya, ba kullum mu ne dodannin ba. Idan Mama ta sa fararen kayanta tsakar dare ta kunna kyandir tana kaɗa ƙararrawa tana addu'a, Umma ce ke manne da ramin makulli tana karanta Ayatul Kursiyyu. An hana mu cin ko lomar abincinta, wai ba a san abin da take zubawa ba, alhali ganye ne da manja. Lokacin fitar dodon Oloolu, wanda mata ba sa kallo, mukan kulle ƙofa mu yi ta ba juna labaran da babu wanda ya gani da idonsa. Idan da Mama ce ta tsinci mujallun nan, na tabbata da ta ce su Jones na ɗakin da ke kallon nata ne.

A watan Fabrairun 2021 abin ya daina zama na dariya. Daga cacar baki tsakanin wani ɗan dako da wata mata a kasuwar Shasha, mutum ya mutu, gari ya kama da wuta. An rasa rayuka ta kowane ɓangare, an ƙone rumfuna da gidaje, gwamnati ta rufe kasuwar ta sa dokar hana fita. Ba zan ce namu ba su yi ɓarna ba, sun yi, na gani. Da wasu samari suka shigo lungunmu suna tambaya ina ɗakin Aboki, akwai mutumin da ya shekara goma yana cin naman layyarmu, ya ja ƙofarsa ya rufe. Mama ce ta fito ta tsaya a tsakiyar lungu da zani a ƙirji ta ce musu da Yarbanci babu kowa a nan sai 'ya'yanta. A lokacin Umma da ƙannena suna ƙarƙashin gadonta, kusa da kyandirorin nan da ƙararrawar. Ta san ɗakin da za ta fara ɓoyewa da yawan yaran da za ta ƙirga, tun da shekara da shekaru tana leƙe. Har yau ba ta taɓa tayar da zancen ba, kuma har yau muna faɗa da ita kan kuɗin wuta.

Rumfar Baba ta ƙone ƙurmus, da kwanduna da sikeli da littafin bashi. Gwangwanin biskit na same shi, ya yi baƙi ya lanƙwashe, abin da ke ciki toka ne. Na ji kunyar in yi kukan takardun katun a ranar da mutane ke neman gawar 'yan'uwansu, don haka ban faɗa wa kowa ba.

Mun tafi garinsu Baba a wajen Kura muka yi wata biyu. A can kuma sai na zama Bayarabe. Yara na bina suna kwaikwayon yadda nake magana, wata gwaggona ta ce a riƙa lura da ni don 'ya'yan Kurmi idonsu a buɗe yake. Ni ne dai, ko hula ban canja ba. Da aka buɗe kasuwa Baba ya ce mu koma, can ne masu bin sa bashi da waɗanda yake bi suke.

Su ma dodannin an yi ta cinikinsu a bayan idonsu. A 1987 IPC ya sayar da sashen mujallun katun ga attajirin nan Robert Maxwell, a 1991 kamfanin Egmont ya saya, a 2016 kuma kamfanin Rebellion na garin Oxford, masu 2000 AD, suka saye tarin tsofaffin kayan. Su ne suka fito da bugu na musamman na Scream! da Misty a 2017, da na Cor!! da Buster a 2019, suka kuma farfaɗo da sunan Monster Fun a 2022. Masu sha'awar abin a Ingila, yawancinsu dattawa ne yanzu, sun ɗora hotunan tsofaffin shafuka da dama a intanet, a nan na sake ganin nawa. Na daɗe ina kallon sunan a waya, sai na ga kamar da giɓi a jikinsa, saboda idona ya saba da shuɗin r ɗin nan nawa.

Kwanakin baya muna zaune a sabuwar rumfa bayan la'asar, ciniki ya yi sanyi, na nuna wa Baba a wayar na ba shi labarin tun daga 1973 har zuwa yau. Bai ko kalli dodannin da kyau ba. Ya ce, "Shi wanda ya zana ɗin, da aka sake bugawa a tamanin da huɗu, an sake biyansa?" Na ce, "Baba, a al'adar kamfanonin a wancan zamani sau ɗaya ake biyan mai zane kuɗin shafi, daga nan kayan ya zama na kamfani, sau da yawa ko sunansa ba a sawa." Ya girgiza kai ya ce, "To ashe shi ma ɗan dako ne." Sai ga wata mata ta tsaya tana taya kwandon tattasai, ya miƙo mini wayar ya ce in tashi in sauke mata na sama ta ga na ƙasa.